Huji Huɗu a Ciki: Wa Ya Fi Buƙatar Tiyatar da Ba a Farke Ciki?

Akwai wata maƙwabciyarmu a nan Kamazou ta Kaduna, uwar 'ya'ya huɗu, mai teburin kayan miya a kasuwar Sabon Tasha. Shekara biyu ta yi tana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Yakan taso mata da dare in ta ci abu mai maiƙo, ya harba har bayan kafaɗa, ya sa ta amai. Kowa ya ce mata olsa ce. Ta sha farin maganin kemis kwalba-kwalba, ta sha jiƙo, ta bar yaji. Sai ranar da ciwon ya durƙusar da ita a gaban teburinta, aka kwashe ta, aka yi mata hoton ciki, aka ga tsakuwoyi cike da matsarmamarta.

Ni na kai ta asibiti ranar da za a yanke shawara, don maigidanta yana kan hanya. Likitan ya jawo takarda ya zana mata ciki. Ya ce, "Mama, hanya biyu ce. Ko dai mu yanka nan ƙarƙashin haƙarƙari, tsawon kamar tafin hannunki, mu cire jakar. Ko kuma mu yi huji huɗu ƙanana, mu sa kyamara, mu ciro ta ta cibiya. Na biyun ya fi tsada." Ba ta tambayi zafi ba, ba ta tambayi tabo ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Likita, ni dai wanne ne zai bar ni in koma kasuwa da wuri?"

Ta ɗauki na biyun. Kuɗin ya fito daga kwasar adashinta, da abin da Zumuntar Mata ta cocinsu ta tara, da rancen wani ƙaninta. Aka shiga da ita da safe. Kashegari da la'asar tana gida, da filasta huɗu a cikinta, kowanne bai kai akwatin ashana ba, tana ƙorafin kafaɗarta ta dama na yi mata ciwo. Kwana goma sha biyu bayan haka na wuce ta kasuwa na tarar da ita zaune kan kujerar roba tana kasa tattasai, 'yarta na ɗauko mata kwanduna.

Tambayar nan tata ce ta sa ni wannan rubutu. A ganina ta fi mu duka gane abin da ake ciki, har da masu tsara manufofin lafiya.

Bari in fara bayyana yadda aikin yake, don akwai ruɗani sosai a kansa. A unguwa za ka ji ana cewa "aikin leza aka yi mata", ko "na'ura ce ta yi, ba a taɓa ta ba". Ba haka ba ne. Tiyata ce sosai, kuma hannun likita ne ke yin ta. Ana sa majiyyaci barci mai nauyi, a sa masa bututun numfashi. Sai a hura masa iskar kabon-dayoksaid a ciki har fatar cikin ta ɗago kamar rumfa, a samu sararin aiki. Ta hujin cibiya, wanda faɗinsa kamar santimita 1 ne, ake zura madubi mai fitila da kyamara, hoton ya fito a talabijin, ya ninka girmansa sau da yawa. Ta sauran hujin, waɗanda wasunsu rabin santimita ne, ake zura dogayen almakashi da hantsaki da abin ƙone jijiyar jini. Likita yana kallon allo, hannuwansa suna waje, bakin kayan aikinsa yana ciki. Ciwon kafaɗar da maƙwabciyarmu ta yi ta ƙorafi a kai ragowar iskar nan ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma yakan wuce cikin kwana biyu ko uku. Likitoci suna kiran aikin lafaroskofi. Yana da 'yan'uwa: wanda ake bi ta bututun fitsari a kankare furostet ɗin dattijo ba tare da yanka ba, wanda ake bi ta hanyar fitsari a farfasa tsakuwar ƙoda, da wanda ake leƙa cikin mahaifa ta bakinta.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1901 wani likitan Jamus, Georg Kelling, ya leƙa cikin kare da madubi, kuma a 1910 Hans Christian Jacobaeus na Siwidin ya yi wa mutane. Likitocin mata ne suka riƙe dabarar shekara da shekaru. Ɗaya daga cikinsu, Kurt Semm na birnin Kiel, ya cire afendis ta wannan hanya a 1980, abokan aikinsa suka yi masa ca, wasu har suna neman a hana shi aiki. A 1985 Erich Mühe ya cire matsarmama ta huji, Philippe Mouret ya yi a Liyon ta Faransa a 1987, kuma kafin tsakiyar shekarun 1990 wannan ta zama hanyar da aka saba da ita a Turai da Amurka. Yau shekara talatin ke nan ana yi wa direban tasi a Landan aikin da har yanzu muke kallo a matsayin gatan masu hali.

Nan ne raina ke ɓaci. An juya lissafin. Wanda ke da albashi, da hutun rashin lafiya, da mai aiki a gida, in an farke masa ciki ya kwanta wata ɗaya da rabi, albashinsa na shiga. Mai tura ruwa a Janruwa, ko ɗan acaɓa a mahaɗar Karji, ko birkila da ke ɗaukar bulo a gine-ginen da suka cika gefen titin Yakowa, ko mai soya ƙosai a bakin hanyar Kachia, ranar da bai fita ba ranar ba a ɗora tukunya ba. Bayan yankan ciki, likita zai ce kada ka ɗauki abu mai nauyi sati huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye da haka. Bayan aikin huji na matsarmama, yawancin mutane kan bar asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, su koma aiki mara nauyi cikin sati ɗaya zuwa biyu. Wannan tazara ta wata guda, a gidan mai ƙaramin ƙarfi, ita ce jarin da aka cinye, da kuɗin makarantar da ba a biya ba, da gurbin kasuwa da wani ya gaje.

Kuma duk wanda ya taɓa jinya a asibitinmu ya san ba mutum ɗaya ke kwanciya ba. Mai jinya ma ya kwanta, a tabarma, a baranda ko ƙarƙashin gado. Shi ke sayo magani, shi ke zubar da fo, shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke ɗumama ruwa a fulas. Daga gida kuma ana dafo abinci sau biyu ana hawa Keke ana kawowa, in asibitin yana tsallaken kogi a biya kuɗin mota biyu. Kwana bakwai a gado ya zama kwana bakwai na mutum uku. Babu rasit ɗin da ke nuna wannan kuɗi, shi ya sa in aka ce aikin huji ya fi tsada, rabin lissafi kawai aka yi.

Sai batun ruɓewar miki. Babban yanka a ƙasa mai zafi, a ɗakin da gadaje suka matsu, ruwa na zuwa yana ɗaukewa, yana da saurin kama ƙwayoyin cuta, musamman ga mai ƙiba ko mai ciwon suga. In ya yi ruwa, sai zaryar wanki kullum, sai ƙarin magunguna, wani lokaci ɗinkin ya buɗe, bayan shekara ɗaya hanji ya turo ta wurin ya zama ƙaba, a sake komawa ɗakin tiyata. Ƙaramin huji ya rage wannan haɗari ƙwarai, ya kuma rage mannewar hanji da kan biyo bayan buɗe ciki. Mu baƙar fata kuma jikinmu na da saurin yin tabo mai tudu da ƙaiƙayi. Na san budurwar da dogon tabo a mara ya hana ta sakewa shekaru, kuma ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu.

Akwai kuma waɗanda na fi tunawa in ana wannan magana, wato masu sikila. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a duniya. Saboda jininsu na saurin farfashewa, tsakuwar matsarmama kan kama su tun suna yara ko samari. Jikin mai sikila ba ya son doguwar kwanciya, ba ya son zafin da ke hana jan numfashi sosai, don daga nan ne ciwon ƙirji mai kisa ke tasowa. Ga irinsu, aikin da zai sa mutum ya tashi ya taka da yammacin ranar ba ado ba ne. Haka mace da ta shekara biyar ana yi mata gorin haihuwa: ta huji ake leƙawa a ga ko bututun ƙwanta a toshe yake, a saki abin da ya manne, maimakon a yi ta ɗura mata magani a makance. Gani ya kori ji.

To amma zan ci amanar mai karatu in na tsaya nan, domin tallar da ake yi wa wannan aiki a Facebook da allunan bakin titi tana ɓoye rabin gaskiya. Ƙaramin huji a waje ba ya nufin ƙaramin aiki a ciki. Abin da ake yankewa a ciki ɗaya ne, kuma ɓarnar da hannu mara ƙwarewa zai yi ta fi wuyar ganewa. Lokacin da Amurka da Turai suka ruɗu da wannan hanya a farkon shekarun 1990, likitoci da yawa suka yi kwas na 'yan kwanaki suka faɗa ɗakin tiyata, sai raunata babban bututun da ke kai ruwan matsarmama hanji ya ƙaru fiye da yadda yake a zamanin yanka. Rauni ne da kan lalata hanta, ya bi mutum har kabari. Sai da aka koma aka kafa ƙa'idoji, irin wadda Steven Strasberg ya bayyana a 1995, cewa kada a datse komai sai an fito da shi fili an tabbatar da ko mene ne. Ƙasashen da ke da kuɗi da kotuna masu aiki sun biya wannan darasi da rayukan mutane. Ba na so mu sake biyansa a Kaduna.

Wani darasin ya zo a 2018, lokacin da mujallar likitanci ta New England ta buga sakamakon wani babban bincike a kan matan da ke da kansar bakin mahaifa a matakin farko. Waɗanda aka cire wa mahaifa ta huji sun fi samun dawowar cutar, sun kuma fi mutuwa, a kan waɗanda aka buɗe wa ciki. Manyan asibitocin duniya suka koma yanka a wannan cuta. Kafin nan, a 2014, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan na'urar da ke niƙa ƙarin mahaifa a cikin ciki don a fitar da shi ta huji, saboda in akwai ɓoyayyiyar kansa a cikin ƙarin, niƙawar na watsa ta. Mata da yawa a nan suna fama da ƙarin mahaifa, kuma galibi ba sa zuwa asibiti sai ya girma ya haura cibiya kamar cikin wata shida, ko ya zama guda goma sha. A irin wannan hali, likitan kirki zai ce miki buɗewa ta fi, kuma gaskiya ya faɗa miki.

Ƙaba ma haka take. Wani matashi mai tuƙa Keke a layinmu ya zo mini da zumuɗi bayan ya ga maƙwabciyar nan ta warke, ya ce, "Yallaɓai, ni ma na hujin nake so." Ya je, likita ya duba ya ce masa tasa gefe ɗaya ce, ba a taɓa yi mata aiki ba, ana iya kashe wurin da allura a yi ɗan yanka a shimfiɗa raga, ba sai an sa shi barci mai nauyi ba, kuma kuɗin bai kai ko kusa ba. Ya dawo ransa a jagule, yana ganin an raina aljihunsa. Na ce masa ba a raina shi ba. Aikin ƙaba na yanka da raga aiki ne mai kyau wanda duniya ta amince da shi. A Yuganda ma an yi gwajin da aka buga a 2016, inda aka ga raga mai araha irin ta gidan sauro, in an tsarkake ta yadda ya kamata, tana aiki kamar ta kamfani mai tsada. Huji ya fi amfani in ƙabar gefe biyu ce, ko ta dawo bayan aikin farko. Yanka ne kuma ya fi ga macen da cikinta ya zauna a bututu ya fashe, jini ya cika mata ciki, tana sumewa ƙarfe biyun dare: abin da take buƙata shi ne likitan da ke kusa ya buɗe ya ɗaure jijiyar cikin minti kaɗan, da jinin da za a ƙara mata. Yaron da taifot ya huda wa hanji ya kwana uku a gida, shi ma haka.

Wannan ya kawo mu kan wani abu da ba a cika faɗa ba: zaɓin yana da wa'adi. Wanda ya zo da wuri ne ake shimfiɗa wa hanya biyu. Wanda ya shekara yana yawo tsakanin kemis da mai magani a bayan mota, har afendis ya fashe ko matsarmama ta ruɓe ta manne da hanji, sau da yawa ƙofar huji ta rufe kafin ya iso. Ba na zargin kowa da wauta. Mutum na ƙin zuwa asibiti ne don ya san abin da zai tarar: kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin hoto, tun kafin a taɓa shi. Sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye. Ga kuma tsoron wuƙa, wanda ya yi zurfi a zukatanmu har ana cewa wane "an shiga da shi" cikin murya ƙasa-ƙasa. Tsoron yana da tushe. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, wanda mujallar Lancet ta buga a 2018, ya gano cewa majiyyacin Afirka ya ninka matsakaicin na duniya haɗarin mutuwa bayan tiyata, duk da cewa ya fi ƙuruciya, kuma mafi yawan mutuwar ba a kan teburin aiki take faruwa ba, a ɗakin jinya ne a kwanakin da ke biyo baya, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke kula da gadaje masu yawa. Ina da yaƙinin cewa da mutane sun san akwai aikin da ake yi yau a koma gida gobe, kuma aljihunsu zai iya, da yawa za su zo tun ciwon yana ƙarami.

Me ya sa yake da tsada? Na'urar kanta, da kyamara da fitila da injin hura iska, daga waje ake sayo su da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 1,500 cikin 'yan watanni, kuma kowane ƙaramin ƙarfe ya bi ta. Kamfanoni sun fi son sayar da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Aikin ba ya yiwuwa in wuta na rawa, domin in allo ya mutu likita ya makance alhali almakashinsa na cikin mutum, don haka dole janareta ya yi ta ruri, ga tsadar dizal, ga kuɗin wutar Band A da aka ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 har manyan asibitocin koyarwa suka yi ta kuka. Dole a samu ƙwararren mai sa barci da na'urar auna numfashi. In madubi ya tsage, gyaransa sai Legas ko waje.

Duk da haka ba abin da ya gagara ba ne. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife sun rubuta yadda suka kafa wannan aiki da dabarun gida da kayan da ake wankewa a sake amfani da su, suka sauko da kuɗinsa. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, an daɗe ana yin sa, musamman a ɓangaren mata. A Indiya akwai asibitocin karkara da ke ɗaga fatar ciki da ƙarfe maimakon iska, su yi aikin da allurar baya. Ruwanda kuwa, wadda yawan jama'arta bai ninka na jihar Kaduna sau biyu ba, ta buɗe reshen cibiyar IRCAD a Kigali a 2023, inda likitocin Afirka ke zuwa koyon wannan hannu. Asalin cibiyar a Sitirasbog take, Jacques Marescaux ya kafa ta a 1994. Abin da Ruwanda ta gane shi ne mutum ake fara ginawa.

Mu kuwa mun fi son abin da za a yanke wa kirtani a ɗauki hoto. Na taɓa shiga wani asibitin gwamnati ziyarar mara lafiya, wata ma'aikaciya ta nuna mini hasumiyar na'urar nan a lungu, an lulluɓe ta da zanen gado, ƙura ta hau. Ta ce wayar fitilarta ce ta ƙone, an rubuta takarda, ana jira. Likitan da ya iya ta kuma ya tafi Saudiyya. Muhammad Ali Pate da kansa, a matsayinsa na ministan lafiya, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya. Wanda ya ƙware a aikin huji yana cikin waɗanda aka fi zawarci. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: bayan likita akwai mai riƙe kyamara, da ma'aikaciyar da ta san yadda ake kwance kayan a wanke a dafa, da injiniyan da zai gyara. In ɗaya ya ɓace, na'urar miliyoyi ta zama kabad.

Mutumin Kamazou in ciwo ya kama shi, hanyoyinsa sanannu ne: Babban Asibitin Sabon Tasha, ko Gwamna Awan da Saint Gerard a Kakuri, ko ya haye kogin Kaduna zuwa Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44, in abin ya yi tsanani a ce Shika. Tsakanin waɗannan kuma ga asibitocin kuɗi birjik. Kudancin kogin nan ya cika ya batse, daga Barnawa da Narayi har Unguwar Boro da Mahuta, gidaje na ta tsirowa inda dā gonakin Gbagyi ne. Abin da nake nema daga gwamnatin jiha ba mutum-mutumin tiyata na da Vinci ba ne, wanda Amurka ta amince da shi tun 2000, wanda kuɗin guda ɗaya zai gyara ɗakunan tiyata da dama. Ina neman a zaɓi babban asibiti ɗaya a wannan tsallaken, a ba shi na'ura ta talaka mai ƙwari da kayan da ake sake amfani da su, da wutar sola ta ɗakin tiyata, da yarjejeniyar gyara ta shekaru wadda aka biya tun ranar saye. A tura ƙungiya guda horo tare, likita da mai sa barci da ma'aikatan jinya da injiniya, a kuma ɗaure asibitin da wani asibitin koyarwa, ta yadda ƙwararre zai tsaya a kan sabon hannu har ya nuna. A fara da ayyuka uku ko huɗu da aka tabbatar da amfaninsu: matsarmama, afendis, cikin bututu da bai fashe ba, da binciken rashin haihuwa. A riƙa rubuta sakamakon kowane aiki, mai kyau da mara kyau, wani daga waje yana dubawa.

Sai inshora. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar, KADCHMA. In dai waɗannan hukumomi za su biya kuɗin gado na kwana bakwai da wankin miki na sati uku, to su zauna su yi lissafin abin da za su rage in sun biya aikin huji a farashin da asibiti zai iya karɓa. Gadon da mutum ɗaya ke riƙewa mako guda zai ɗauki mutum uku. Wannan hujja ce ta kuɗi, ba ta tausayi kaɗai ba, kuma ita ce irin wadda ma'aikatar kuɗi ke saurara.

Ga likitocinmu kuma ina da roƙo, cikin girmamawa, don na san irin wahalar da suke sha. Wanda bai iya aikin huji ba, ko asibitinsa ba shi da kayan, ya gaya wa majiyyaci cewa akwai wata hanya a wani wuri, ya bar shi ya auna. Wanda ya iya kuma kada ya sayar da shi ga wanda yanka ya fi masa. Takardar amincewa da ake miƙo wa mutum da Turanci, yana kan gadon turawa, a ce "sa hannu nan", ba shawara ba ce. Likitan maƙwabciyarmu minti goma ya ɗauka, da Hausa, da biro da bayan takarda. Ya kuma gaya mata abin da ya fi muhimmanci: "In na shiga na ga wurin ya manne ko jini ya ƙi tsayawa, zan buɗe. Kada ki farka ki ga dogon ɗinki ki ce an cuce ki." Wannan magana ce ta sa na amince da shi. Likitan da ya ce bai taɓa komawa yanka ba, ko dai bai yi aiki da yawa ba, ko yana dagewa inda ya kamata ya saki.

Majiyyaci ma yana da haƙƙin buɗe baki, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce. Mun taso da ganin likita kamar alƙali, ba a mayar masa da magana. Amma cikinka ne. Ka tambaye shi irin wannan aiki nawa ya yi da hannunsa, kuma a ina ya koya. Ka tambayi wanda zai sa ka barci, likita ne ko wani ne, kuma zai tsaya har ƙarshe? In wuta ta ɗauke fa? In an koma yanka, kuɗin zai ƙaru? Akwai jini a ajiye? In ka koma gida zazzaɓi ya taso, ko ciki ya kumbura, ko ido ya yi rawaya, lambar wa za ka kira da tsakar dare? Wannan ta ƙarshen ba ƙarama ba ce, domin sallama da wuri tana mayar da jinyar gida, kuma raunin da aka yi wa hanji ko bututu ba da sani ba kan nuna kansa ne a rana ta biyu ko ta uku, lokacin da mutum yana ɗakinsa a Kamazou, unguwa ta yi tsit, babu abin hawa.

Makon jiya maƙwabciyar tamu ta shigo gidanmu da ƙanwarta, wadda ke ɗinki a Unguwar Boro. Ita ma ciwon nan ne, gefen dama, bayan cin abinci, wata takwas ke nan. Ta riga ta shanye kwalba shida na maganin olsa. Yayar ta ɗaga gefen rigarta ta nuna wa maiɗakina tabon, ɗigo huɗu da sai an duba ake gani, ta juya ta ce wa ƙanwar, "Ke dai ki je a yi hoton tukuna." Ranar Litinin za su je. Na rubuta musu tambayoyin a bayan takardar kuɗin wuta, ƙanwar ta ninke ta sau huɗu ta cusa a jakarta, sannan ta tambaye ni ko na san wanda zai sayi keken ɗinkinta na biyu.